Muryoyin da Aka Raba da Sunayensu

Ranar Asabar da ta wuce wani cikinku ya tsaya a bakin shagona yana danna waya, ya ce min, "Baba Sabo, ai wannan aikin naku yanzu ba aiki ba ne. Murya ko bidiyo, mutum ya tura shi intanet kawai, shi ke nan." Hannuna na cikin wata kwamfuta da ta ƙi tashi, sai na ci gaba da aikina. To yau ga ku kun taru kuna so in sa muku hannu a takardar koyon aiki. Zan sa. Amma ku jawo benci ku zauna tukuna.

Wurin Malam Dalhatu na koyi aiki, wani dattijon Babarbare da ke da shago a cikin gari. Da gyaran rediyo ya fara, ya koma talabijin, da kwamfuta ta shigo garin nan na Lafiya ya sayi matacciya guda ya warware ta ƙusa-ƙusa har ya gane kanta. Shekarata ta farko a hannunsa ban taɓa kwamfuta ba. Waya kawai. Wayar da ke haɗa kwamfuta da kwamfuta tana da 'yan wayoyi takwas a cikinta, kowace da launinta. Za ka fere bawon, ka jera su bisa tsari, ka datse bakinsu daidai, ka zura su cikin kan roba, ka matse da filaya. In na gama na miƙa masa, sai ya kama kan ya fizga. In ya fita, ko kallona ba ya yi.

"Sake," in ji shi.

In bai fita ba, sai ya sa testa, wato na'urar gwaji. Fitila takwas ne a jikinta, dole su kama bi da bi. Guda ta yi tsalle, ya datse kan da almakashi ya jefa a kwali. Na cika kwalin nan sau biyu kafin ya bar ni in hau tsani.

Abu na biyu da ya koya min shi ne fensir. Ko kwamfuta uku za mu haɗa a ofishin wani, sai na zana ɗakin a takarda: inda wuta ke shigowa, inda taga take, inda ruwa zai iya feso, hanyar da ɓera zai bi, inda mai shara za ta ja tsintsiya ta fizge waya. Na taɓa ce masa, "Malam, ai na riƙe a kaina." Ya ce, "In mota ta buge ka gobe, kan naka za mu buɗe mu duba?" Tun daga ranar ban sake yin aikin da ban rubuta ba.

Aikin da ya ci min shekaru mafi kyau na rayuwata na same shi ne a wata cibiya da ke adana harsuna da al'adun mutanen wannan yanki. Ba zan faɗi sunanta ba. Daraktan wancan lokaci ya kira ni ya buɗe min wani ɗaki. Wari ya fara tarbata, warin leda da ta sha zafi. Kaset ne daga ƙasa har rufi, na murya da na bidiyo. Shekara da shekaru ma'aikata suna zagaya ƙauyuka suna ɗaukar tsofaffi: waƙoƙin niƙa, kirarin farauta, tarihin kafa gari, yadda ake raba gado, da Gwandaranci, da yaren Alago, da Eggon, da Migili, da Tibi, da Fulatanci. Zafin Lafiya kun san shi. Zaren wasu kaset ɗin ya manne da juna, wasu kuma laimar damina ta sa sun yi fumfuna.

Mai kula da ɗakin wata mace ce 'yar Eggon, Madam Ladi, gajera, mai tabarau da igiya a wuya. Kowane kaset ta yi masa kati da hannunta, ta jera katunan a kwalayen takalma. Ranar farko ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Kai ne injiniya? Abeg, kar ka taɓa kaset nawa sai ka wanke hannu."

Na gwada bidiyo guda. Kunna shi a ɗauke shi cikin kwamfuta ba wuya, tsawonsa kawai yake ci. Wahalar tana gaba: a tace ƙarar iska da kukan kaji daga muryar, a gyara hoton da ya dushe, a matse shi ya zama ƙarami ba tare da ya lalace ba. Kwamfutar cibiyar ta yi yini guda cur a kan kaset ɗaya. Na duba ɗakin nan, na san kafin mu kai rabi sauran sun ruɓe. Babbar na'ura irin wadda ake wannan aiki da ita kuwa, ko a mafarki cibiyar ba za ta saya ba.

Nan ne na zauna da fensir sati biyu. Cibiyar tana da kwamfuta takwas. Wata makaranta mai zaman kanta a hanyar Agyaragu tana da goma sha huɗu, waɗanda daga an tashi yara zuwa washegari, da Asabar da Lahadi da duk hutu, a rufe suke da zane. Wani shagon buga takardu kusa da tasha yana da takwas, ba sa cika sai lokacin rajistar jarrabawa. Talatin ke nan, duk masu rauni, ba wadda za ka yi alfahari da ita. Na ce to a yi gayya. Kamar yadda mutum talatin ke shiga gonar mutum ɗaya kowa ya kama kunyarsa, haka zan sa su. Masu sana'ar suna ce wa wannan tsari girid. Ni da Madam Ladi gayya muke ce masa.

Faɗarsa sauƙi. Sai da na je wurin mai makaranta sau biyar kafin ya yarda, da sharaɗin in riƙa gyara masa kwamfutocin duk lokacin da suka lalace. Waya ba za ta kai can ba, don haka eriya na kafa a kan tankin ruwan cibiyar, wata a rufin makarantar, suna kallon juna. Wata uku suna magana lafiya lau. Sai rana ɗaya saƙo ya fara tsinkewa. Na canza waya, na canza eriya, na zargi kowa. Ashe wani mangwaro ne a tsakani ya yi sabon ganye ya tare hanya. Mai bishiyar ya ce ko reshe ɗaya ba za a sare ba, kuma da gaskiyarsa. Na sa mai walda ya ƙara wa ƙarfen tsawo, na hau da igiya a ƙugu na ɗaure eriyar da hannuna.

A tsakiyar tsarin akwai saba, wato uwar kwamfutocin, mai rabon aiki. Ita ke yanka bidiyo gunduwa-gunduwa, minti goma-goma, ta miƙa wa kowace kwamfuta nata. Ku lura da wannan, don nan ne sana'ar take. Wanda ya koyi abin a littafi zai tsara shi da zaton wuta tana nan. Ni na tsara shi da sanin cewa za a ɗauke. Kowace kwamfuta, duk minti ɗaya, sai ta ce wa saba "ina nan". In ta yi shiru sau uku, saba ta ɗauke gunduwarta ta ba wata. In wuta ta dawo, ta sake shiga layi kamar ba abin da ya faru. Sabar kaɗai na ɗora a kan inbata da batura huɗu. Daminar farko aradu ta faɗa a makarantar ta ƙone kwamfuta huɗu, saboda wani birkila ya yanke wayar da ke kai tsawa ƙasa don ta tare masa hanyar baro. Na sake haƙa rami, na dasa sandar tagulla, na zuba gawayi da gishiri, na binne wayar cikin siminti. Aikin bai tsaya ko awa ɗaya ba, sauran ashirin da shida suka ɗauki kayan. Abin da ke cin yini ya koma ƙasa da awa.

Amma duk wannan rabin aikin ne, kuma ƙaramin rabin. Babban shi ne rumbun bayanai, inda za a rubuta wane ne ke magana a kowane fayil, da wane yare, a wane gari, a kan me. Da farko na yi niyyar in sa wa kowane fayil sunan mai maganar kawai. Madam Ladi ta jawo kati uku ta shimfiɗa min a tebur.

"Karanta," in ji ta.

Na karanta: Musa Maƙeri, Musa ɗan Audu, Baba Musa Ashige.

"Mutum ɗaya ne. Suna nashi uku. Wanne za ka sa?" Ta sake jawo wani kati. "Wannan kaset kuma, mutum huɗu ne a ciki. Na farko Alago, na biyu Gwandara, sai mata biyu suna waƙa. Suna na wa za ka sa?"

Na ajiye fensirina. Daga ranar na zama ɗalibinta. Muka yanke cewa fayil ba zai ɗauki suna ba sam, lamba kawai. Komai da komai yana cikin rumbun: jerin mutane da duk laƙabinsu, jerin garuruwa da duk yadda ake rubuta su, jerin yaruka, sannan alamar minti, cewa daga minti kaza zuwa kaza wane ne ke magana a kan abu kaza. Ni na gina rumbun, ita ta cika shi. Shekara shida tana zaune da abin saurare a kunne, tana tsayar da murya, tana duba kati, tana bugawa da yatsa biyu. Yaren da ba ta ji, ta aika a kira mai ji. Duk Juma'a kafin masallaci ina kwafe rumbun a faifan ajiya guda uku, in rubuta musu suna da jan alƙalami.

Mutane suka fara zuwa. Ɗalibai, 'yan gidan rediyo, masu shirin biki da ke son waƙar kakansu. Wata mata daga wajen Obi ta zo ta faɗi sunan mahaifiyarta da garinsu kawai. Kafin ta gyara zama a kujera muryar tsohuwar ta cika ɗakin tana waƙar niƙa. Matar ta cire ɗankwalinta ta rufe fuska. Madam Ladi ta ƙara sautin, ta fita ta ja mata ƙofa.

Sai mummunar shekarar ta zo. Tsohon darakta ya yi ritaya, Madam Ladi ma lokacinta ya cika ta koma garinsu. Sabon darakta ya iso da wani matashi daga Abuja, mai kwat da siririyar kwamfuta a hammata. Aka kira taro. Matashin ya haska hotuna a bango, ya ce duniya ta wuce wurin, yanzu komai a intanet ake ajiyewa, tara tsofaffin kwamfutoci da eriya a kan tanki aikin ƙauye ne. 'Yan taro suka yi dariya.

Na ɗaga hannu na ce, "Ranka ya daɗe, ban ƙi a kai su intanet ba, ni ma na so haka. Amma fayilolin lamba ce kawai a jikinsu. Sunayen suna cikin rumbun da ke kan saba. In za a ɗauka, a ɗauke su tare. A ba ni sati biyu in yi aikin da shi."

Matashin ya yi murmushi ya ce, "Daddy, kar ka damu, wannan ƙaramin abu ne. A kwana biyu zan gama."

Darakta ya ce, "Malam Sabo, kowa yana son a ce ba a iya yi sai da shi. Ka huta. Mun gode da hidima."

Na rubuta takardar miƙa aiki shafi goma sha biyu, da zane, da bayanin rumbun a shafin farko cikin manyan haruffa. Na haɗa da faifan nan uku na miƙa, aka sa min hannu. Ban riƙe kwafi ba, don kayan ba nawa ba ne, kuma haka aka koya min. Sati na zagayowa na koma in ga ko ana bukatar wani bayani, maigadi ya tare ni a ƙofa yana sunkuyar da kai, ya ce an ce kada a bar ni in shiga.

A bakin maigadin na ji sauran, daga baya. Matashin ya kwashe fayilolin murya da bidiyo kaf ya tura intanet, wannan kam ya yi. Da ya kunna saba ya ga baƙin allo da rubutu, ba hoto ba abin dannawa, sai ya ce ba komai a cikinta, ya wanke ta tas aka mayar da ita ta buga wasiƙu. Faifaina uku kuwa, da wurin jigilar fayiloli ya yi masa kaɗan, su ya goge ya yi amfani da su. Ɗakin kaset aka mayar da shi ɗakin baƙi, aka sa kujeru masu laushi. Kwalayen katin Madam Ladi aka jibge su bayan ɗakin janareta, damina ta sauka a kansu. Kaset ɗin 'yan gwangwan suka kwashe a kura. Takardata mai shafi goma sha biyu ba wanda ya buɗe ta. Aka yi bikin buɗe sabon tsari, aka yanka ƙyalle, aka ci shinkafa.

Bayan wata takwas wani mutum ya faka babur a ƙofar shagon nan, ƙafafunsa duk jar ƙasa. Ya ce sunansa Isiyaku, manomi ne daga Adogi, Bagwandare. An taɓa zuwa garinsu aka ɗauki mahaifinsa yana ba da tarihin fadamarsu, daga wace ɗorawa iyakar ta tashi, ta bi wane rafi, wa ya ba wa aro. Tsohon ya rasu. Yanzu wani gida sun ce fadamar tasu ce, dagaci ya sa ranar zama nan da sati biyu. Ya je cibiyar, an buɗe masa allo cike da lambobi an ce ya zaɓa.

"Sun ce kai ka yi abin, Injiniya. Sun ce kai ka ɓoye sunayen."

Na ce, "Haka suka ce?"

"Haka suka ce."

Na rufe shago muka tafi tare. Darakta ya bar mu a tsaye awa biyu, sannan ya ce albarkacin furfurata za a ba mu tebur a baranda da kwamfuta ɗaya. Na buga wa Madam Ladi waya. Ta tuna tsohon sarai, ta ce dogo ne mai tsaga a kumatu, katinsa na kwali na huɗu, shi ne mutum na biyu a kaset ɗin. Amma lamba? Lambobin ba bisa kwali muka ba su ba. Wanda ya fi kusa da ruɓewa shi muke fara ɗauka, shi ke samun lambar gaba. Da na gaya mata abin da aka yi da rumbun da katunanta, sai ta sa na maimaita mata. Sannan ta ce, "Sabo, shekara shida fa." Ta kashe wayar.

Ba abin da ya rage sai kunne. Fayil dubbai ne. Isiyaku ya sa abin saurare, ni ina buɗewa. In ba Gwandaranci ba ne mu wuce, amma ba a farko kawai za mu tsaya ba, sai mun leƙa tsakiya da ƙarshe, tunda kaset ɗaya mutum huɗu ne. Intanet ɗin yana tafiya yana tsayawa. Kullum da safe ya taso daga Adogi, ya bar gonarsa a lokacin da kowa ke shuka, mu zauna har a tashi aiki. Wani lokaci sai ya ɗaga hannu ya ce, "Tsaya! Wannan Inna Hajo ce, maƙwabciyarmu." Ko, "Wannan limamin Ashige ne na da, na san tarinsa." Na sayi littafin rubutu irin na 'yan makaranta, duk wanda ya gane in rubuta lambar da sunan.

Kwana tara muka yi. Mun sami suna arba'in da ɗaya. Babu mahaifinsa a ciki.

Ranar zama ta zo. Ɗaya gidan suna da dattijo mai rai wanda ya tashi ya yi magana. Isiyaku ya ce akwai muryar babansa a Lafiya, aka ce ya kawo, ya ce tana nan amma ba a san wacce ba ce. Aka ba su fadamar, aka bar masa tudun da ke sama, inda ko rogo da ƙyar yake yi.

Na ɗauka ba zan sake ganinsa ba. Da kaka sai ga shi da doya biyar ɗaure a bayan babur. Ya sauke su a nan inda kuke zaune. Na ce ban yi masa komai ba, ya ce na zauna da shi kwana tara. Ya sha ruwa, sannan ya ce, "Injiniya, yanzu aikin gona ya yi sauƙi. Ko za su bar ni in ci gaba da nema? Ba don fadama ba, wannan ta tafi. Yarana ƙanana ba su san muryarsa ba."

Washegari na je cibiyar. An ɗauke teburin baranda. Sakatariya ta ce yanzu akwai sabuwar doka, duk mai son sauraro sai ya rubuto takarda, ya faɗi lambar fayil ɗin da yake so. Na ce lambar ce ba mu sani ba. Ta ce to in rubuta hakan. Na rubuta, na kai, ta buga hatimi ta sa a tiren takardu.

Isiyaku yakan biyo ta nan duk ranar kasuwa ya tambaya ko an amsa takardar. An yi girbi biyu tun daga lokacin.